Jadawalin Masu Horarwa a Ƙwallon Ƙananan Kwalejojin Amurka

Wane jadawali ne wannan, kuma me ya sa ake buƙatarsa?

Ƙwallon da ake nufi ita ce irin ta Amurka, wadda ake runguma a hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano. Ƙananan kwalejoji kuwa su ne na rukuni na biyu da na uku a ƙarƙashin NCAA, babbar hukumar wasannin kwalejojin Amurka, sai kuma na wata hukumar irinta mai suna NAIA. Ƙungiyar masu horarwa ta AFCA, mai hedkwata a garin Waco na jihar Texas, ita ke fitar da jerin ƙungiyoyi 25 da suka fi ƙarfi a rukuni na biyu da na uku kowane mako. NAIA na da nata jerin daban.

Rukuni na uku kaɗai yana da ƙungiyoyi sama da 200, kuma kusan kowacce wasa goma take yi daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, akasari da maƙwabtanta. Ƙungiyar da ke Ohio na iya gama kaka ba ta taɓa haɗuwa da ta Oregon ba. Tebur irin na lig ba zai iya auna su ba, shi ya sa ake neman ra'ayin masu sana'ar.

Yaya ake ƙirga makin?

Kowane koci mai ƙuri'a zai jera ƙungiyoyi 25. Wadda ya sa a farko ta samu maki 25, ta biyu 24, haka har ta ƙarshe mai maki ɗaya, sannan a tara. A ce masu ƙuri'a 40 ne, to ƙololuwar maki 1,000 ke nan. Ƙaramar lambar da ake maƙalawa kusa da sunan ƙungiya tana nuna mutum nawa suka sa ta a farko. Waɗanda suka samu maki amma ba su shiga 25 ba ana jera su a ƙasa. A tsarin NAIA ana cire ƙuri'a mafi sama da mafi ƙasa da kowace ƙungiya ta samu kafin a tara, don kada son kai ko ƙiyayyar mutum ɗaya ta karkatar da lissafi.

Shin masu horarwan suna kallon duk wasannin?

Ba sa kallo, kuma a nan babban raunin jadawalin yake. Kusan duk wasannin ranar Asabar ake yin su, lokacin da kocin da zai kaɗa ƙuri'a yake tsaye a gefen fili yana fama da nasa wasan. Lahadi kuma ya duƙufa kan faifan abokan karawar mako mai zuwa. Abin da ya sani sosai shi ne ƙungiyoyin yankinsa: ya san wadda mai jefa mata ƙwallo ya ji rauni a gwiwa, ya san wadda masu tsaron gabanta suka yi rauni. Sauran ƙasar kuwa sakamako kawai yake gani a rubuce. Don haka sai ya ɗauko jerinsa na makon jiya, ya sauke waɗanda suka sha kashi, ya ɗaga na ƙasansu.

Wannan ne ke sa jadawalin farkon kaka ya yi nauyi fiye da yadda ya kamata. A farkon kaka, tarihi ne ke magana. Mount Union ta garin Alliance a Ohio ta ci kofin rukuni na uku sau 13, Wisconsin-Whitewater sau 6, Northwest Missouri State kuma sau 6 a rukuni na biyu. Irin waɗannan sunaye kan fara daga sama, kuma galibi sai an doke su suke sauka. Ƙungiyar da ba a san ta ba tana iya cin wasa biyar a jere kafin ta leƙo lamba ta 25. A ganinmu wannan rashin adalci ne, ko da yake sau da yawa tsofaffin sunayen kan tabbatar da matsayinsu a ƙarshe.

Ƙungiya ta ci wasa amma ta sauka. Ta yaya?

Ko dai ta sha da ƙyar a hannun mai rauni, ko wata da ke bayanta ta doke babba ta tsallake ta. Wadda ta huta a makon ma hakan na samun ta. Lokacin da aka sha kashi shi ma yana da tasiri: faɗuwar Satumba ana mantawa da ita, ta Nuwamba kuwa ba sauran makonnin gyara.

Jadawalin ne ke zaɓen masu shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale?

A NCAA ba shi ba ne. A rukuni na uku zakarun gasannin yanki suna shiga kai tsaye, kuma daga 2024, da aka ƙara gurabe daga 32 zuwa 40, ragowar guraben ana cike su ne da lissafin kwamfuta mai suna NPI, wanda ke duba nasara da ƙarfin abokan karawa. Rukuni na biyu ya kasu yankuna huɗu, kowanne da nasa jerin na hukuma. Don haka ƙungiya na iya zama cikin 25 a wurin masu horarwa ta kuma zauna a gida. Amfanin jadawalin yana wani wajen: rukuni na uku ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa, don haka koci na buƙatar abin da zai nuna wa ɗalibin sakandare da iyayensa, kuma lamba a jerin ƙasa hujja ce mai ƙarfi.

Me mai bibiya zai duba kowane mako?

Ya duba maki kafin matsayi. Idan tazarar ta 8 da ta 9 maki uku ce, ƙuri'ar mutum ɗaya na iya juya su, idan kuwa ta haura ɗari, masu ƙuri'a sun yi ittifaƙi. Ya duba ko ƙuri'un farko sun rabu tsakanin ƙungiyoyi biyu ko uku. Sannan ya ajiye jerin farkon kaka ya kwatanta da na tsakiyar Oktoba, lokacin da kowace ƙungiya ta buga wasa biyar ko shida kuma gasannin yanki sun kankama.