Ciwon toshewar huhu ba na maza masu shan taba kaɗai ba ne

A Zariya, daga Tudun Wada zuwa Samaru, idan dattijo ya fara haki da tari mai majina sai a ce taba ce. Idan tsohuwa ce kuwa, sai a ce asma ce ko sanyin hunturu, a ba ta shayi da citta. Wannan tunani ya daɗe yana cutar da iyayenmu mata.

Cutar toshewar huhu, wadda likitoci ke kira COPD, tana ƙuntata hanyoyin iska a huhu, kuma abin da ta lalata ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019. A Amurka, tun daga 2000 matan da take kashewa duk shekara sun fi maza yawa.

Gaskiya ne bincike da dama ya nuna mace mai cutar kan fi namiji mai ita daɗewa a raye. Amma sau da yawa ita ta fi shan wuyar haki, domin hanyoyin iskarta sun fi ƙanƙanta, hayaƙi kaɗan ma yana yi mata illa. Ku tuna Inna da ta shekara 40 tana hura icce a madafi marar taga, ko mai tuyar ƙosai a Sabon Gari. Ba su taɓa kunna sigari ba, amma huhunsu ya sha hayaƙi. Abin yana ci mini rai.

Idan mace tana fama da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai ta asibitin koyarwa na Shika, a nemi gwajin hura iska cikin na'ura.