Kallon Tsuntsayen Bakin Ruwa da Ɗaukar Hotonsu a Zariya

Kallon tsuntsaye shi ne mutum ya je inda tsuntsayen daji suke rayuwa, ya natsu ya lura da su, ya tantance irinsu da halayensu, ba tare da ya kama ko ya harbi ko ɗaya ba. Wasu don nishaɗi suke yi, wasu don nazari, wasu kuma hoto suke nema. A Zariya bakin ruwa ne matattarar wannan harka, wato madatsun ruwa, tafkuna, fadamu da kududdufan cikin gari. Ruwan saman da garin yake samu, kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Da rani ya kankama, duk tsuntsun da ke neman sha, ko kifi, ko kwaɗo, dole ya gangaro inda ruwa ya rage. Shi ya sa tafki ɗaya yake nuna tsuntsaye daban a Janairu, daban a Agusta, kuma sanin lokacin cikar ruwa da janyewarsa ya fi tsadar kyamara amfani ga mai kallo.

Wuraren da ake zuwa

Wurin da ya fi suna shi ne madatsar ruwan Kubanni da ke Samaru, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 don samar wa Jami'ar Ahmadu Bello ruwan sha. Rafin Kubanni ya ratsa gari ya faɗa kogin Galma, shi kuma Galma ya zuba a kogin Kaduna. Akwai madatsar Shika, da dam ɗin Zariya a kan Galma, da tafkin Makwaye da na Bomo a yankin Samaru, sai doguwar fadamar Galma inda masu lambu suke noman tumatir, albasa da rake.

Kududdufan cikin ganuwa labarinsu daban ne. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini tun kaka da kakanni, damina ta cika su, kainuwa ta rufe wasunsu. Ba kasafai ake ɗaukarsu a bakin komai ba, alhali da sassafe, kafin yara su fito, akan ga kazar ruwa tana kiwo a gefensu, balbelu kuma suna tashi daga itatuwan da suka kwana. Da yawansu yanzu an cike su da shara an yi gini a kai.

Mazauna da baƙi

Balbela ce kowa ya sani. Da rana tana bin shanu tana tsintar fārin da ƙafafunsu suka tayar, da almuru kuma ta dawo bakin ruwa garke-garke ta kwana a bishiya guda. Zalɓe shi kaɗai yake tsayuwa cikin ruwa mara zurfi, wuya a lanƙwashe, sai kifi ya zo daidai ya soke shi. Kirinjijiya, agwagwar daji mai farar fuska, tun kafin a gan ta ake jin fito uku-uku da take yi idan garkenta ya tashi. Akan ga dinya, babbar agwagwar daji, jefi-jefi inda ruwa ke da faɗi. Ƙeƙuwa kuwa ita ce mai tonon asiri: a ƙasa take ƙwai a fili, kuma da ta hango mutum sai ta tashi da kururuwa, sauran tsuntsaye su watse.

Inda bado ya shimfiɗa ganye akwai wani tsuntsu ruwan ƙasa mai farin wuya da shuɗin goshi, mai zara-zaran yatsu, wanda yake tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa. A wajensa namiji ne yake kwanci a kan ƙwai, shi ne kuma yake reno. Idan ya ji tsoro sai ya cusa 'ya'yan ƙarƙashin fukafukansa ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Akwai kuma tsuntsun nan mai kamun kifi, baƙi da fari, da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, baki a ƙasa, kafin ya faɗa ruwa ya fito da ɗan kifi.

Damina tana da nata. Shamuwa tana isowa wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, manomi ya san lokacin sharar gona ya yi. Idan ruwa ya ɗauke sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. A lokacin ne kuma namijin mulufi yake yin ja wur a cikin dogayen ciyayi, marai kuma su cika rassan da suka sunkuyo kan ruwa da sheƙunansu na saƙa. Da kaka ta wuce mulufi yakan zubar da jan gashin ya koma launin ƙasa, har sabon mai kallo ya zaci wani tsuntsu ne dabam.

Baƙin nesa suna zuwa ne daga Satumba zuwa Oktoba, su koma a Maris da Afrilu. Tsuntsaye ne da suke hayayyafa a Turai da arewacin Asiya, su ƙetaro Bahar Rum da Sahara don gudun sanyi. Cikinsu akwai ƙananan agwagi, da 'yan tsuntsayen taɓo masu dogayen ƙafafu da siririn baki, da wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya a tsakanin ƙafafun shanu, wanda nauyinsa yawanci bai fi giram 20 ba. Dausayin Haɗeja da Nguru ne babban masaukinsu a Arewa, amma ruwayen Zariya ma suna samun rabonsu, musamman idan ruwa ya fara janyewa ya bar taɓo a gefe.

Gauraka, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Najeriya, ya yi ƙaranci ƙwarai saboda kama shi da ake yi don ajiyewa a gidajen masu hali da kuma bushewar fadamu. Ungulu ma, da a da ba a rasa ta a mahauta, tun 2015 aka sanya nau'inta da aka saba gani a gari cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya.

Zariya a tarihin nazarin tsuntsaye

Garin yana da matsayi a wannan fanni fiye da yadda mutanensa suka sani. Bayan buɗe jami'a a 1962, wani malamin ilimin dabbobi ɗan Ingila, Hilary Fry, ya yi shekaru yana nazarin tsuntsayen Zariya. A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, mai fitar da mujallar Malimbus tun 1979.

Abin da Fry ya fi shahara da shi shi ne bincike kan wani koren tsuntsu mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, wanda masana ke kira Merops bulocki. Wannan tsuntsu ramuka yake haƙawa jere a jikin gaɓar rafi ko kwazazzabo. Yana haƙar ne a ƙarshen damina tun ƙasa na da laushi, amma ba ya ƙwai sai tsakiyar rani. Idan ya cafke ƙudan zuma a iska sai ya koma reshe, ya buga shi, ya goga gindinsa a jikin icen har dafin ya fita, sannan ya haɗiye. Fry ya nuna cewa a sheƙuna da dama ba iyaye biyu kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai mataimaka daga cikin dangi da suke kawo abinci. Mai neman hoton wannan tsuntsu ba ya bukatar yawo, domin yana da reshen da yake komawa kai a kai.

Kayan aiki da dabarun hoto

Madubin hangen nesa ne kan gaba, kuma mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar. Sai littafin rubutu, ko manhajar waya ta tantance tsuntsaye da adana abin da aka gani, irin su Merlin da eBird. Ga hoto, gilashin kyamara mai jawo nesa daga milimita 300 zuwa 600 ake so. Tsuntsu mai tashi sai an sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba fiffiken zai fito dishi-dishi. Wanda ba shi da halin wannan yakan ɗora kyamarar waya a bakin madubin hangen nesa, hoton ba na gasa ba ne amma ya isa shaida.

Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara ne lokacin aiki, sai kuma bayan la'asar. A bar rana a bayan mai ɗauka, a durƙusa ko a kwanta don kyamara ta yi daidai da idon tsuntsu. Farar balbela a rana tsaka takan fito fari fat ba a ganin gashinta, don haka akan rage hasken kaɗan. Hunturu shi ne babban cikas, kuma a daidai lokacin baƙi suke nan: hazo yana dusashe launi, ƙura kuma tana shiga kyamara idan aka sauya gilashi a fili. Tufafi masu duhu ko launin ƙasa sun fi farar riga. Bin tsuntsu ɓata lokaci ne. Wanda ya zauna a gindin bishiya ya yi shiru na rabin sa'a, tsuntsayen da kansu za su dawo kusa da shi.

Ladubba da kiyaye lafiya

Ba a taɓa sheƙa, ba a sare reshen da ya kāre ta don hoto ya fito, domin hankaka da shirwa suna lura. Bakin ruwa kuma wurin sana'ar mutane ne. Akan yi sallama ga masu lambu da masunta, a nemi izini kafin a ratsa kwami, a kuma kawar da kyamara daga inda mata ke wanki ko yara ke wanka. Masunci da makiyayi sau da yawa sun fi baƙo sanin inda kirinjijiya take kwana. Tunda Zariya garin barikin soja ne da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, dogon gilashin kyamara kusa da irin waɗannan wurare yana jawo tambayoyi, shiga harabar jami'a ma da shi yana son izini.

Ruwan da ba ya gudu yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, saboda haka ba a shiga ba takalmin roba. Mataccen tsuntsu ma ba a ɗaukarsa da hannu. A Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka cikin Fabrairun 2006.

Amfanin abin da aka rubuta

Jerin tsuntsayen da mai kallo ya gani, da kwanan wata da wuri, yana shiga ƙididdigar masana. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, inda aka raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna aika abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi kowane Janairu. Ga ruwayen Zariya wannan na da muhimmanci na musamman, saboda akwai bayanan shekarun 1960 da za a gwada da na yau, a ga abin da cikewar dam da yashi, feshin maganin ƙwari a lambuna da gine-gine a fadama suka rage daga tsuntsayen da aka lissafa a wancan lokaci.