Dabba na iya haihuwa ba tare da namiji ba? Tambayoyi da amsoshi

Yaya yawancin dabbobi ke samun 'ya'ya?

Ta hanyar haɗuwar maniyyin namiji da ƙwan mace. Kowannensu na kawo rabin ƙwayoyin gado, shi ya sa ɗa ke ɗauko kamannin uwa da uba amma ba ya zama ɗayansu sak. A wurin tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, haɗuwar na faruwa ne a cikin jikin mace bayan barbara. Yawancin kifaye da kwaɗi kuwa a ruwa suke yi: mace ta zuba ƙwai, namiji ya zuba maniyyi a kai. Ruwa na tafi da wasu, wasu a cinye su, don haka suke zuba ƙwai da yawan gaske.

To, kaza ai tana yin ƙwai ko babu zakara.

Tana yi, amma ƙwan ci ne kawai. Wanda zakara ya taka uwarsa ne ke ƙyanƙyashewa bayan kwancin kwana 21.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar barbara ko kaɗan?

Akwai. Wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwa da ake kira haidira tana fitar da tsiro a gefen jikinta, kamar reshe, ya girma, ya ɓalle, ya ci gaba da rayuwarsa. Wani masanin halittu, Abraham Trembley na birnin Janiba, ya bayyana wannan a 1744, ya kuma nuna cewa in aka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane yanki na iya zama cikakkiyar haidira.

Hanyar da ta fi ba ni mamaki ita ce wadda ƙwai ke zama ɗa ba tare da maniyyi ya taɓa shi ba. Wani masanin halittu, Charles Bonnet, ya tabbatar da ita a 1740, da ya killace mace guda daga ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye tun ranar haihuwarta, sai ga ta tana ta haihuwa ita kaɗai. Ƙudan zuma ma na da nasu salon: ƙwan da sarauniya ta haɗa da maniyyi yana zama mace, wanda ba ta haɗa ba yana zama namiji. Ke nan namijin zuma ba shi da uba, amma yana da kaka na wajen uwa.

Manyan dabbobi fa?

Su ma ana samu, jifa-jifa. A 2006, a gidan zoo na Chester a Ingila, wata ƙatuwar ƙadangaruwa irin ta Komodo mai suna Flora ta yi ƙwai alhali ba ta taɓa zama da namiji ba. Ƙwan suka ƙyanƙyashe a farkon 2007, 'ya'yan duk maza. A jihar New Mexico ta Amurka akwai jinsin ƙadangaru da duk mata ne. Dabbobi masu shayarwa dai ba sa hayayyafa ta wannan hanya.

In haka ne, me ya sa barbara ta fi yawa?

Wannan ce tambayar da ta fi cancanta a tsaya a kanta. Haihuwa ba tare da namiji ba tana da sauri: babu neman abokin barbara, babu faɗan maza, kuma a jinsin da duk mata ne kowace 'ya za ta haihu. Matsalar ita ce sau da yawa 'ya'yan kusan kwafin uwarsu ne. Cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya kayar da duka. Barbara kuwa tana cuɗanya ƙwayoyin gado a kowace haihuwa, sai a samu wani ya fi jure cuta, wani zafi, wani yunwa.

Ƙwarin ganyen nan sun haɗa biyun. A ƙasashe masu tsananin sanyi, lokacin da ganye ya wadata, mata ke haifar mata, kuma sau da yawa jaririyar na fitowa da nata 'ya'yan sun fara samuwa a cikinta. Da sanyi ya kusanto sai a haifi maza, a yi barbara, a ajiye ƙwai masu jure ƙanƙara har ganye ya sake tohowa.