Waiwaye: Daga littafin ungozoma zuwa takardar tasnin

Kakata ta wajen uba ranar 1 ga Janairu aka haife ta. Marigayi mijinta ma ranar 1 ga Janairu. Haka kishiyarta, haka tsohon da ke sayar da gawayi a bakin layinmu. Baƙon da bai san Sudan ba sai ya ɗauka iyayen mutanen nan baki suka haɗa da ungozoma. Alhali takardar tasnin ce ta yi musu ranar. Wanda aka haifa ba a rubuta ba, in ya tashi neman makaranta ko aiki ko fasfon zuwa Makka, sai a tura shi wurin likita ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙiyasta masa shekara, a liƙa masa ranar farko ta watan farko, shi ke nan an haife shi. Ita kanta Sudan 1 ga Janairu ce ranarta, a 1956, sai dai ita tata ranar da shaidu. 'Yan'uwanmu na Makka da Jidda kuwa 1 ga Rajab ake ba nasu tsofaffin.

Bayan mun baro jihar Jazira mun koma garin Gadarif na kai ta wani asibiti saboda hawan jini. Likitan, yaro ne sa'ana, ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, shekarunki nawa?"

Ta ce, "Tambayi takarda, ɗan nan, ita ta sani. Ni dai da wayona shekarar da kogi ya ci gari, har ƙanena na goya muka hau tudu."

Takardar 1945 ta ce. Babbar ambaliyar kogin Nilu da take nufi kuwa a 1946 aka yi ta. 'Yar shekara ɗaya ba ta goyo. Likita ya rubuta abin da takarda ta ce, ya miƙo mana maganin.

Wannan 'yar tazara tsakanin takarda da mai takarda ita ce ta sa na koma bin tarihin wani fanni da ke ta ƙara girma a duniya, wato haɗa bayanan jama'a na shekaru masu yawa domin a fahimci tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma nan da 2050 za su kai biliyan 2.1, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Shi kuwa tsufa ba ranar da furfura ta fito yake farawa ba. Ciwon da ya kwantar da ɗan saba'in kan samo tushe daga abin da uwarsa ta ci tana ɗauke da cikinsa, da aikin da ya yi yana ɗan talatin, da ko yana da mai kawo masa tuwo da dare. Likita shi kaɗai ba ya ganin wannan duka. Sai an zauna da masanin tattalin arziki, da na zamantakewa, da na tarihi, kuma sai kowannensu ya tabbata mutum ɗaya suke magana a kai.

A 1946 wani jami'in ƙididdigar haihuwa da mutuwa a Amurka, Halbert Dunn, ya kwatanta rayuwar kowane mutum da littafi: shafin farko haihuwa, na ƙarshe mutuwa, sauran shafukan kuma a warwatse suke a ofisoshi da asibitoci da makarantu. Aikin, in ji shi, shi ne a tattaro su a ɗinke. Mutanen arewacin Turai sun riga kowa samun allura da zare. A Suwidin limaman coci ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun ƙarni na 17, a 1749 gwamnati ta fara tara alƙaluman ƙasa baki ɗaya, a 1947 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa lambarsa. Denmak ta bi sahu a 1968. Inda babu lamba sai aka koma ga lissafi. A Kanada, Howard Newcombe ya fara sa kwamfuta ta gwada sunaye da ranakun haihuwa a 1959, sannan Ivan Fellegi da Alan Sunter suka shimfiɗa ƙa'idar a 1969: a auna yawan abin da takardu biyu suka yi tarayya a kai, a ce waɗannan na mutum ɗaya ne, waɗannan ba nasa ba ne, waɗancan kuma sai ɗan Adam ya duba da idonsa.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na wata ungozoma ne. A gundumar Hertfordshire ta Ingila, Ethel Margaret Burnside ta sa ma'aikatanta tun daga 1911 su riƙa auna kowane jariri ranar haihuwa, su sake auna shi in ya shekara, su rubuta a manyan littattafai. Ba bincike take yi ba, so take jarirai su daina mutuwa. Littattafan suka kwanta suna shan ƙura, har sai da David Barker da abokan aikinsa na Jami'ar Southampton suka tono su bayan shekaru kusan saba'in, suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya zuwa takardun mutuwa. A 1989 suka fitar da sakamako a kan maza 5,654: waɗanda suka fi ƙarancin nauyi suna jarirai su ne ciwon zuciya ya fi kashewa da suka manyanta. Ma'auni guda da alƙalami a hannun matar da ba ta yi kasala ba, su suka sauya yadda likitoci ke kallon ciwon tsufa.

Irin wannan ta faru a Sikotilan. Ranar 1 ga Yuni 1932 aka yi wa 'yan makaranta 87,498, haihuwar 1921, jarrabawar basira iri ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990 Ian Deary da Lawrence Whalley suka gano littattafan makin, suka nemo waɗanda ke raye a Aberdeen da Edinburgh, suka sake ɗora musu jarrabawar suna dab da tamanin. Da haka aka iya bambance wanda tsufa ya rage wa kaifin ƙwaƙwalwa da wanda dama can haka yake. A Holan kuma an bi 'ya'yan da aka yi cikinsu a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, aka tarar ciwon suga da na zuciya sun fi kama su.

Waɗannan duk tsintuwa ce. Akwai kuma waɗanda aka shuka da gangan. Garin Framingham na Amurka ya ba da mutum 5,209 a 1948, aka bi su, aka bi 'ya'yansu daga 1971, aka shiga jikoki a 2002. Da yawa daga abin da likita ke gaya maka yau game da hawan jini da taba da ƙiba can aka tabbatar da shi. Birtaniya ta ɗauki jarirai 5,362 da aka haifa cikin mako guda na Maris 1946, har yau ana bin waɗanda suka rage. A 1992 Jami'ar Michigan ta fara binciken lafiya da ritaya, inda duk shekara biyu ake komawa ga mutanen da suka haura hamsin, kuma da yardarsu ake haɗa amsoshinsu da bayanan albashi da na inshorar lafiya da ke hannun gwamnati. Ingila ta kwaikwaya a 2002, ƙasashen Turai a 2004, Sin a 2011, Indiya a 2017, duk da tambayoyi masu kama da juna domin a iya gwada tsohon Delhi da na Landan.

A Afirka, inda rajistar haihuwa ke da rauni, wata dabara aka yi: a keɓe 'yan ƙauyuka a riƙa zagaya su gida gida, ana rubuta wanda aka haifa, wanda ya rasu, wanda ya yi ƙaura. Niakhar ta Senegal tun 1962 take haka. A Keneba ta Gambiya rubutun ya faro tun wajen 1950, kuma daga cikinsa aka gano a 1997 cewa waɗanda aka haifa a damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sun fi mutuwa da ƙuruciyarsu bayan sun balaga. Duk Bahaushen da ya san watan da ake cin tafasa da rama ba sai an yi masa dogon bayani ba. Agincourt ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara a 1992, ita ta haifi binciken tsufa na mutum 5,059 masu shekara 40 zuwa sama a 2014 da 2015. A ƙasar Hausa ma an kafa irin wannan zagaye a Nahuce ta Zamfara.

To, mu fa?

Sudan ta yi ƙidaya sau biyar: 1955/56, 1973, 1983, 1993 da 2008. Ta ƙarshen ta ba da mutum miliyan 39 da 'yan kai, har da Kudu wadda ta ɓalle a 2011, kuma tun daga nan ba a sake ba. Ko da an sake, ƙidaya hoto ce: tana nuna taron ranar, ba ta gaya maka cewa yarinyar nan ta 1956 ita ce tsohuwar can ta 2008. Binciken lafiya na gida gida da aka yi a 1989/90, da 2006, da 2010, da 2014 kuwa hankalinsu na kan mata masu haihuwa, 'yan 15 zuwa 49, da yara 'yan ƙasa da biyar. Ban ga laifinsu ba, can mutuwa ta fi yawa. Sai dai mace na cika hamsin sai ta fita daga takarda, kamar wadda ta gama aikinta a duniya.

Mu Hausawan nan kuma muna da namu ƙarin ƙulli. Kakanninmu wasu hanyar hajji ce ta ajiye su, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman audugar Jazira, dubbai suka shiga aikin. Littattafan hukumar Jazira sun san mai hawasha, wato gonar da hukuma ta ba manomi, da abin da ya noma, da bashin da ake bin sa. Mai tsinkar audugar da ke kwana a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, wanda ya yini cikin ruwan magudana tsargiya da sauro suna rabonsa, da wuya ka ga sunansa.

Sannan ga dokar jinsiyya ta 1957, wadda ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Burmi 1903 ce. Kowa ya iya wannan lissafin. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma kafin nan mutane sun koyi cewa shekara da sunan kaka da garin haihuwa abubuwa ne da ake faɗa da taka-tsantsan. Wani ya tura zuwan kakansa baya, wani ya ajiye Tanko ya ɗauki Usman, wata Ladi ta wayi gari Fatima. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Yanzu ka ɗauko ƙa'idar Fellegi da Sunter ka ɗora a kan unguwar da rabin tsofaffinta ranar haihuwarsu ɗaya, sulusin mazanta Muhammad ne a takarda, Mamman ko Mamuda ko Ɗanlami a gida, kuma an rubuta sunan da Larabci a nan, da boko a can. Kwamfuta za ta aurar da waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, ta raba mutum da kansa.

Dokar rajistar jama'a ta 2011, wadda ta kawo rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, ita ce karo na farko da Sudan ta samu irin zaren da Suwidin ta samu a 1947. Shekara goma sha biyu kacal ya yi ana saƙa shi yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a Disamban shekarar, ba a karɓe ta ba sai Janairun 2025. Fiye da mutum miliyan goma sun bar gidajensu, da yawa daga su sai kayan jikinsu, katin asibitin da aka shekara ashirin ana cikawa ya zauna a aljihun tebur. Kuma a yaƙin da aka kai wa mazauna wasu kambo hari saboda asalinsu, ba zan ga baiken dattijon da ya ƙi a haɗa sunansa da ƙabilarsa da mazauninsa a na'ura ɗaya ba. A ganina duk mai son kafa irin wannan bincike a nan, kafin ya sayi kwamfuta, sai ya fara amsa wa mutane wa zai riƙe makulli, kuma ya cire gurbin ƙabila daga inda suna yake.

Tambayoyin kuwa suna nan jibge. 'Ya'yan da aka haifa a yunwar 1984 da 1985 a Darfur da Kurdufan sun shiga arba'in, daidai shekarun da hawan jini da suga ke fara sallama, kuma abin da aka gani a Holan da Keneba ya isa ya sa a neme su. Manoman da suka tsufa ba fansho, suna jiran abin da ɗa zai aiko daga Jidda ko Riyad, su ma ba wanda ya auna yadda jikinsu ke yi in aiken ya yanke. Jariran da ake haifa yau a makarantun da suka koma masaukin 'yan gudun hijira, wata rana su ma za su cika sittin. In akwai ungozomar da ke auna su tana rubutawa da ranar gaskiya da cikakken sunan uwa da uba, aikin Burnside take yi ko ba ta taɓa jin sunanta ba.

Ita Kaka da gwangwanin alawarta ta fito daga Jazira, ɗaure cikin ɗankwali. A ciki akwai tasnin, da tsohon fasfon da ta yi hajji da shi, da katin asibiti biyu. Sunanta iri uku ne a takardu huɗun. Wani dare na zauna da ita da littafi, na yi abin da masu ƙidaya kan yi in sun haɗu da wanda bai san shekararsa ba: na jero abubuwan da suka faru, ina tambaya tana amsawa. Shekarar kogi tana goyon ƙanenta. Ranar da aka sauke tutar Ingilishi tana da ɗa ɗaya a baya, wani a ciki. Da Janar Abbud ya karɓi mulkin Sudan a 1958 ta yaye na biyun. Muka yi ta ja muna saki, lissafi ya tsaya tsakanin 1938 da 1939.

Na ce, "Kaka, ashe kin girmi takardarki da shekara shida ko bakwai."

Ta karɓe gwangwaninta ta mayar da murfi. "To maigidan, tunda ka ƙara mini, sai ka biya ni kuɗin goron shekarun. Kuma kada ka je ka faɗa wa yaron likitan nan, ya ƙara mini ƙwaya."