Digirin digirgir a ilimin zamantakewa: ba sunan jami'a kaɗai ake bi ba

An daɗe ana ɗauka cewa mai neman digirin digirgir a ilimin zamantakewa, jami'ar da ta fi suna kawai zai nufa, shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Suna yana taimakawa wajen neman aiki, amma wanda zai duba bincikenka shi ne ƙashin bayan karatun. In kana son nazarin ƙaura, sashen kuwa ya fi ƙarfi a harkar iyali, za ka yi shekaru kana kai babi wurin malamin da bai damu da shi ba. Don haka karanta abin da malaman suka rubuta kwanan nan, ka tambayi ɗalibansu ko suna amsa wasiƙa. Ɗalibai ba sa ɓoye wannan.

Tsarin ma ya bambanta. A Amurka ana iya shiga da digirin farko, ana rufe neman gurbi galibi a Disamba, karatun yakan kai shekara 5 zuwa 7, sassa da yawa kuma suna yafe kuɗin makaranta su biya alawus, ɗalibin kuma ya riƙa koyarwa. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, kuma da tsarin bincikenka a hannu za ka nemi malami.