Rama da dawowar cin abinci bayan mummunan rauni

Rama bayan rauni ita ce zabgewar jiki da ke biyo bayan karaya, ƙuna, babbar tiyata ko wani mummunan ciwo, galibi tare da ɗaukewar sha'awar abinci. A ƙauyukan Kano da Jigawa an fi ganinta ga waɗanda suka yi haɗarin babur ko mota, da waɗanda suka faɗo daga kan dabino ko kuka, da waɗanda katanga ta rufta wa da damina, sai kuma yaran da suka ƙone da wuta ko tafasasshen ruwa. Masu zuwa dubiya kan ce majinyaci ya koma ƙashi da rai don ba ya ci. Rashin cin yana ciki, amma ba shi kaɗai ke ramar da shi ba.

Abin da ke faruwa a jiki

A shekarun 1930 wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, David Cuthbertson, ya lura cewa masu karayar ƙafa suna zubar da sinadarin naitirojin mai yawa a fitsari, alamar cewa tsokar jikinsu ce ke narkewa. A 1942 ya kasa lamarin gida biyu. Kwana ɗaya ko biyu na farko jiki kan yi sanyi, ya rage aiki, ya tattara jini wajen ƙwaƙwalwa da zuciya. Daga nan sai wuta ta kama: zafin jiki ya hau, bugun zuciya ya ƙaru, sinadarai irin su kotizol da adirinalin su sa jiki ya riƙa farfasa tsokarsa yana samar da kayan gyaran ciwo, kamar mai gidan da ya cire azarar zaure don ya gyara ɗaki. Ga mai babbar ƙuna, abin da jiki ke ƙonawa a yini yana iya kusan ninka na mai lafiya. Kwanciya ma tana cin nata rabon, domin ƙafar da ke cikin ɗori ko filasta takan motse cikin 'yan makonni.

A daidai wannan lokaci ne kuma abinci ke fita daga ran majinyaci. Sinadaran kumburi da jiki ke saki don yaƙar cuta suna kashe jin yunwa. Magunguna suna ƙarawa: tiramadol na kawo tashin zuciya da taurin bayan gida, Flagyl kuwa na bar wa baki ɗanɗanon ƙarfe. Ga raɗaɗi, ga tunani. Magidancin da ya karye ana tsakar noma, yana kwance yana lissafin gonar da ba a nome ba da bashin asibiti, da wuya tuwo ya yi masa daɗi.

Idan mutum ya rasa sama da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, ciwo kan yi jinkirin warkewa, ƙashi ya daɗe bai haɗe ba, gyambon kwanciya ya samu hanya. Inda babu sikeli, zoben da ya soma sulluɓewa, faɗawar kumatu da sirancewar dantse sun isa shaida.

Ciyarwa

Ba a jiran sai majinyaci ya ce yana jin yunwa. Ana ba shi kaɗan-kaɗan, sau shida ko fiye a yini, domin cikakken kwano a gabansa sai ya ƙara kore masa ci. Mai lafiya na buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin, wato abinci mai gina jiki, ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai mummunan rauni na buƙatar giram 1.2 zuwa 2. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 120, alhali ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar majinyaci da tsararon koko, shayi da lemon kwalba na masu dubiya. Suna cika ciki, ba sa gina tsoka. Abin da ya fi su yana nan cikin gari: kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono, alala, ƙosai, awara, dakakken ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, hanta, da kifi, wanda mutanen yankin Haɗeja da na bakin dam ɗin Tiga ba sa rasawa. Romo yana buɗe ciki, sai dai a haɗa da tsokar, don amfanin yana cikinta. Goba, lemon zaƙi da garin ɗan kuka suna ba da bitamin C, wanda fata ke buƙata kafin ta haɗe. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sun fi wuya ga mai jinya, kuma a nan ne ƙwaryar nono ko kwanon wake ya fi kowace dubiya daraja. Idan azumi ya riski majinyaci, Alƙur'ani ya yi masa rangwame ya sha, ya rama azumin daga baya.

Wanda ya yi kwana biyar ko fiye kusan bai sa komai a ciki ba, ba a ɗura masa abinci lokaci guda. Yin haka na sa gishirin jini irin su fosfet da fotasiyam su faɗi farat ɗaya, har zuciya ta rikice. Irin wannan sai a asibiti, inda ake farawa da kaɗan ana awon jini, wani lokaci a ba da abincin ta robar hanci.

Magungunan ƙiba da ake saye a kemis, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe", galibi akwai dezametazon, wani maganin kumburi, a cikinsu. Yana kumbura fuska da ruwa har a zaci an murmure, alhali yana ƙara narkar da tsoka, yana ta da suga, yana hana ciwo warkewa.

Murmurewa

Ci kan dawo bayan zazzaɓi ya sauka, raɗaɗi ya lafa, mutum ya fara tashi zaune. Sau da yawa alamar farko ita ce kwaɗayin wani abu takamaimai, ɗanwake ko tsire. Nauyi na dawowa a hankali cikin watanni, kuma kitse na riga tsoka, shi ya sa likitocin gashin ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala, ke matsa wa majinyaci ya motsa gaɓoɓi da zarar an ba da izini. Idan makonni suka shuɗe rama na ci gaba, ko ga zazzaɓi, amai, tari ko ciwo mai fitar da mugunya, ana komawa asibiti a duba ko cuta ta shiga ƙashi, ko akwai ciwon suga ko tarin fuka da ba a gano ba.