Kaurin harsashi ba shi ke kai shi nesa ba

An daɗe ana ɗaukar cewa duk harsashin da ya fi kauri, shi ya fi zuwa nesa ya kuma sami abin da aka auna. Masu harbin nesa sun san ba haka abin yake ba.

Da zarar harsashi ya bar bakin bindiga, iska ce babbar abokiyar gabarsa. Gajere mai faɗin kai yana tunkuɗar iska da yawa, nan da nan gudunsa ya ragu. Siriri mai tsawo da tsinin baki kuwa, ratsa ta yake yi kamar allura cikin yadi, ya riƙe gudunsa, iskar gefe kuma ba ta karkatar da shi sosai.

Dubi nau'ukan harsashi biyu: .308 Winchester da ya fito a 1952, da 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady na Amurka ya fitar a 2007. Na biyun ya fi siranta, amma in an wuce mita 800, bai kai na farkon yin ƙasa ba, kuma ya fi daɗewa yana gudu sama da gudun sauti, wato kimanin mita 340 a daƙiƙa. Wannan na da muhimmanci, domin harsashi kan fara tangal-tangal idan gudunsa ya sauko kusa da na sauti. Ga shi kuma in an harba Creedmoor ɗin bindiga ba ta dukan kafaɗa da ƙarfi, balle maharbi ya ƙifta ido ya janye hannu.

Sai dai mafarauci ya kula: huda takardar gwajin harbi daga nesa daban, kashe dabba nan take ba tare da ta wahala ba daban. A nan nauyin harsashi da yadda yake buɗewa cikin nama su ne abin dubawa.